Muhawara: mai riƙe da fad ɗin buga gem shi ma ɗan wasa ne?

Abba Fad: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa da hujja ba da gatse ba. A gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023, an raba lambobin zinare bakwai a wasannin gem, wato wasannin bidiyo, aka kuma zuba su a teburin ƙasashe daidai da zinaren ninkaya da na tsere. A 2024 Saudiyya ta shirya gasar gem ta duniya a Riyadh, kuɗin da aka raba ya haura dala miliyan 60, a 2025 ya haura miliyan 70. Wai har yanzu akwai mai cewa wannan shiriritar yara ce, ba wasa na gaske ba?

Koci: Wa alaikumus salam. Akwai mana, ga ni nan. Abba, kuɗi ba sa mayar da mutum ɗan wasa. Gasar kacici-kacici ma ana raba kuɗi. Ni ɗan wasan da na sani shi ne wanda zan tasa bayan sallar asuba ya yi ta zaga fili har riga ta manne masa a baya, ya faɗi ya kuje gwiwa ya tashi ya ci gaba. Amma mutum na kishingiɗe a kujera mai laushi, sanyi na kaɗa shi, babban yatsa kaɗai ke aiki, ka ce in jera shi da mai gudun mita dubu goma? Haba ɗana.

Ɗan Maraɗi: Koci ya shigo da zafinsa.

Malama: Koci, ni motsa jiki nake koyarwa a sakandare, don haka zuciyata tana wajenka. Sai dai ma'aunin gumin nan da ka ɗauko ba zai kai mu ko'ina ba. Ka tuna Baturken nan Yusuf Dikeç a Olamfik na Faris a 2024? Shekararsa 51, hannu ɗaya a aljihu, ya ɗaga ƙaramar bindiga ya harbi allo daga nisan mita 10, ya tafi gida da azurfa. Ko taku biyu bai yi ba. Harbi kuwa tun Olamfik na farko na zamani a 1896 yake cikin jerin wasanni. Abin da ake gwadawa a wurin shi ne nutsuwar hannu, kaifin ido da riƙe numfashi lokacin da zuciya ke dukan uku-uku. In ka karɓi wannan, da wace hujja za ka kori wanda idonsa da yatsunsa ke yanke hukunci cikin ƙasa da rabin daƙiƙa?

Koci: Malama, shi Baturken bindigar gaske ya riƙe, harsashin gaske ya fita. Hannunsa ne ya yi aikin. Na Abba kuwa wani ɗan zane ne a cikin allo yake gudu a madadinsa.

Abba Fad: Yallabai, a tseren mota waye yake gudun, direba ko inji? A sukuwa fa, mahayi ne ke tsallen ko doki? Kuma in ba ka labari, akwai wani ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, a 2011 ya ci gasar Gran Turismo, gem ɗin tseren mota, a PlayStation, aka ɗauke shi aka sa shi a motar tsere ta gaske, har ya hau mumbarin nasara a rukuninsa a tseren Le Mans na 2013. Da abin da ya koya a gem iska ne, da bango zai runguma a kwanar farko.

Koci: Ai ka faɗi da bakinka. Sai da ya shiga motar gaske sannan ya zama direba.

Ɗan Maraɗi: Ni ku tsaya, abin da ban gane ba daban ne. A garinmu ana dara a gindin bishiya tun kafin a haifi kakannin Abba. Akwai gwanaye da sunansu ya kai ƙauyukan nesa, akwai 'yan kallo da ke cika wuri, akwai tsohon da in ya zauna gaban ramukan nan sai ka ga samari sun sulale. Ba wanda ya taɓa cewa mai dara ɗaya yake da Issaka Issaka na Dosso da ke kayar da ƙarti ya ɗauki takobi a kokawar ƙasa, kuma mai darar bai taɓa jin an rage masa daraja ba. To me ya sa 'yan gem suka nace lalle sai an kira su da sunan 'yan tsere? Ku yi gasarku, ku ci kuɗinku mana.

Barista: Ɗan Maraɗi, tambayarka ita ce ta fi ta kowa, kuma amsarta ba ta da alaƙa da daraja. Sunan nan takarda ce mai buɗe ƙofofi. Bari in ba ku misalai.

A Ingila ƙungiyar masu wani wasan karta da ake kira bridge ta kai ƙara, tana neman a ɗauke mata harajin VAT a kan kuɗin shiga gasa, kamar yadda ake ɗauke wa wasannin motsa jiki. Magana ta kai har kotun Tarayyar Turai. A Oktoban 2017 kotu ta ce a'a, domin a wajen wannan dokar haraji dole aikin jiki ya zama wani abin a zo a gani a cikin wasan. Amma kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar bridge ɗin, ya kuma amince da hukumar ces, darar Turawa, tun 1999. Wato wasa ɗaya, a wani ofis ɗan gida ne, a wani ofis baƙo.

A Amurka kuma, a 2013 aka bai wa wani ɗan Kanada mai buga League of Legends, Danny Le, irin bizar da ake bai wa ƙwararrun 'yan wasa. Kafin nan ƙungiyoyi kan sha wahalar shigo da 'yan wasansu.

Babbar kuwa tana Koriya ta Kudu. A can namiji mai lafiya sai ya yi aikin soja na dole, kusan shekara ɗaya da rabi a sojan ƙasa. Wanda ya ciyo zinare a gasar Asiya ana sassauta masa, ya yi horon 'yan makonni da hidimar jama'a ya koma sana'arsa. Da haka Son Heung-min ya tsira a 2018 lokacin da suka ci zinaren ƙwallo. Da haka kuma Faker, wanda ake ɗauka gwanin gwanayen League of Legends, shi da abokansa suka tsira a Hangzhou.

Koci: Tsaya Barista. Kana nufin Son, wannan yaron da ya riƙa tsinka 'yan baya a Firimiya, da mai danna maɓalli, hukunci ɗaya aka yi musu?

Barista: Doka ɗaya, sassauci ɗaya, ranka ya daɗe.

Koci: Innalillahi. Duniya ta zo ƙarshe.

Abba Fad: Koci, ka san kuwa Faker tun 2013 yake cin kofin duniya, ya sake ci a 2015 da 2016, aka ce ya tsufa, ya dawo ya ci 2023, 2024 da 2025? Wasa ne na mutum biyar da mutum biyar, akwai mai horarwa, akwai nazarin abokan hamayya, akwai canjin dabara tsakanin zagaye. Miliyoyi ke buga wasan nan, amma shi ya zauna a saman su shekara fiye da goma. In sa'a ce ai da ta ƙare tuntuni.

Malama: Ƙwarewa kam ba a musunta. Har abubuwan banza da ke bin manyan wasanni sun biyo su. A 2010 an kama manyan 'yan StarCraft a Koriya da sayar da wasa saboda caca. A 2015 wani ɗan Counter-Strike ya fito ya ce shi da 'yan ƙungiyarsa sun sha ƙwayar Adderall a wata gasa, daga nan kamfanin ESL mai shirya gasanni ya fara gwajin ƙwaya. Ba a shan ƙwaya ko sayar da wasa a inda babu gasar gaske.

Inda nake rabuwa da Abba shi ne jiki. Yarona in ya yi shekara biyar yana ƙwallo, ko bai zama kowa ba ya tashi da huhu mai kyau da ƙafa mai ƙarfi. Ɗan Sin ɗin nan Uzi, ɗaya daga cikin taurarin League of Legends, ya ajiye wasa a 2020 yana ɗan shekara 23, ya ce ciwon suga da ciwon hannu ne suka tilasta masa, ya kuma danganta hakan da rashin barci da zama wuri ɗaya da cin abinci barkatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Ƙasar Sin kanta, wadda ta raba zinaren nan da kake alfahari da shi, tun 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Don haka ku kira shi duk abin da kuka ga dama, amma ranar da wani shugaban makaranta ya ce a ba yara fad a darasina, ranar zan ajiye aiki.

Abba Fad: Anti, 'yan dambe fa? Wane ɗan dambe ne ya tsufa da haƙoransa cif?

Malama: Wannan kuma ka kama ni. Amma shi ɗan damben naushin wani ne ya illata shi, ba atisayensa ba.

Mai Gidan Gem: Ku ba ni dama ni da abin yake ci da ni. Shagona talabijin ne jere a bango, benci biyu, janareto a waje ɗaure da sarƙa. Dokar gida ita ce wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Akwai wani yaro ɗan gyaran waya da ke zuwa bayan la'asar, in ya zauna sai dai wuta ta ɗauke. Na sha tsayawa bayansa ina kallon hannunsa. Ba ya kallon ɗan wasan da ke da ƙwallo, ƙaramar taswirar ƙasan allo yake kallo, ya riga ya san inda za ka jefa kafin kai ka sani. Ka ba shi fad ɗin da sandarsa ke ja gefe ɗaya, wanda kowa ke gudu, minti biyu ya gane lagonsa ya ci ka da shi. Na ga kuma manya masu gemu hannunsu na rawa a bugun fenareti, tafin hannu ya jiƙe har sai na miƙa tsumma an goge fad. Koci, gumi dai akwai, ba a riga yake fitowa ba.

Amma zan faɗi abin da Abba ba zai so ba. Rabin masu cika shagon nan ba gwaninta ta kawo su ba, ɗora kuɗi suke a bayan idona, kuma ina korar masu kayan makaranta kusan kullum.

Koci: Allah ya yi maka albarka da gaskiyar nan.

Barista: To ni yanzu zan faɗi nawa ra'ayin, domin ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Maganar gumi ta mutu tun da Malama ta kawo mai bindiga. Abin da ya raba gem da sauran wasanni shi ne mai shi.

Ƙwallo ba ta kowa ba ce. Akwai hukumar IFAB da ke rubuta dokokinta tun 1886, amma ko yau aka rushe ta aka rushe FIFA, gobe yara za su jera duwatsu biyu a lungu su buga. Dambe ba na kowa ba ne, darar Ɗan Maraɗi ba ta kowa ba ce. League of Legends kuwa kayan kamfanin Riot Games ne. Shi ya ƙera wasan, shi ke da gasar, shi ne alƙali, shi ke sauya ƙarfin 'yan wasan cikin allo kusan duk mako biyu. Ba wanda zai shirya babbar gasa ba da yardarsa ba.

Kuma ba zato nake ba. A Disambar 2018 kamfanin Blizzard ya sanar da soke babbar gasar wasansa Heroes of the Storm, mutanen da suka mayar da shi sana'a suka wayi gari ba aiki. A Oktoban 2022 ya kashe Overwatch na farko ɗungurungum ya maye gurbinsa da na biyu, ko kana so ko ba ka so. A 2019 wani ɗan Hong Kong mai buga Hearthstone ya furta goyon bayan masu zanga-zanga a hirar bayan wasa, kamfanin ya dakatar da shi shekara guda ya ƙwace kuɗin da ya ci, sai da duniya ta yi caa sannan aka mayar masa da kuɗin aka rage hukuncin zuwa wata shida. Wa zai ɗaukaka wa ƙara? Mai fili, mai ƙwallo da mai usur duk mutum ɗaya ne.

Mai Gidan Gem: Wannan na gani a aljihuna. Shekara da shekaru muna kiran gem ɗin ƙwallo FIFA, a 2023 kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, suna ya koma FC. PES ya koma eFootball tun 2021. Kowace shekara sabo ya fito, yara su ƙi taɓa na bara, dole in saya. Dabarar da yaro ya kwana yana koya bara, bana an toshe ta.

Abba Fad: Barista, UFC mai shirya gasar faɗa ma ai kamfani ne. Formula 1 ma wani kamfanin Amurka, Liberty Media, ke riƙe da harkar kasuwancinsa tun 2017. Ban ji ka kore su ba. Kuma dokar ƙwallo ma tana canjawa, a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da nasa ya mayar masa da ƙafa, ga VAR ya zo ya hana mu murnar ci.

Barista: Ƙanina, UFC gasa ya mallaka, bai mallaki naushi da shaƙa ba. Ya rufe yau, 'yan wasansa su koma wani zauren da gwanintarsu cif. Dokar ƙwallo kuma in ta canja, ku a unguwa kuna iya yin biris da ita, wa ya taɓa kawo muku VAR a filin firamare? Amma in kamfani ya kashe na'urar da wasan intanet ke gudana a kanta, babu lungun da za ka je ka buga shi.

Ga misali daga Hangzhou ɗin da ka fara da shi. Wanda ya ci zinaren Street Fighter V ɗan Koriya ne, Kim Gwan-woo, yana da shekara 44. A watan Satumba ya ci, alhali tun watan Yunin shekarar Street Fighter 6 ya fito kasuwa. Wato ranar da aka rataya masa zinaren, duniya ta riga ta tashi daga kan wasan. Mai tseren mita 100 yana iya auna kansa da daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya yi a Balin a 2009. Wa zai auna kansa da Kim nan da shekara ashirin?

Koci: Shekara 44? Ashe sa'ana ne ma ke wannan abin.

Abba Fad: StarCraft na 1998 ne, har gobe ana gasarsa a Koriya ana cika zaure. Counter-Strike ya haura shekara ashirin, suna na canjawa amma gwanin jiya gwani ne yau. Ba kowane gem ke mutuwa ba.

Barista: Gaskiya ne, suna raye. Da izinin mai su.

Ɗan Maraɗi: Su 'yan Olamfik ɗin me suka yanke? Ko su ma suna nan suna jan magana irin tamu?

Malama: Sun fi mu ruɗewa. Thomas Bach, lokacin yana shugaban kwamitin, ya sha cewa gem ɗin kashe-kashe ba su dace da Olamfik ba, shi da ya ci zinarensa a 1976 da wasan takobi. A Hangzhou sai da aka yi wa PUBG Mobile kwaskwarima, aka hana 'yan wasa harbin juna, aka mayar da shi tseren mota da harbin allo, abin da masu buga shi kullum ba su san shi ba. A 2024 kwamitin ya ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da Saudiyya don a yi wa gem Olamfik nasa daban, aka ce 2025, aka ɗaga zuwa 2027, a Oktoban 2025 kuma aka ji sun raba gari. Ka lura, ko da ana ɗasawa ba cikin Olamfik na ainihi suka ce za su sa shi ba, ɗaki daban suka ware masa.

Mai Gidan Gem: Akwai kuma abin da ba wanda ya taɓo, shi ne adalcin fili. A tsere kowa layi ɗaya yake tsayawa. A gem na intanet, yaron da ke Kano yana karawa ta na'urar da ke Turai ko Afirka ta Kudu. Ya danna, sai saƙon ya je ya dawo, wancan da ke kusa da na'urar ya riga ya harbe shi. Ga data, ga wuta. Yaron nan ɗan gyaran waya da na ba ku labari, a shago ba mai taɓa shi, amma ran da na haɗa masa intanet ya kara da na waje, ƙwallo na barin ƙafarsa kafin umarninsa ya isa. Ya ajiye fad ya ce ba zai ƙara ba.

Abba Fad: Shi ya sa nake cewa mu nan mu kama gem ɗin faɗa da ake yi gaba da gaba a allo ɗaya. Arslan Ash daga Lahore ta Pakistan yake, a shagunan gem irin naka ya koyi Tekken, ba wanda ya san ƙasarsu da wasan. A 2019 ya sha wahalar biza da jirgi kafin ya isa Japan, ya ci EVO ta can, wato gasar gem ɗin faɗa, ya wuce Las Vegas ya ci babbar a shekarar, ya doke Knee na Koriya da ake wa kallon sarkin wasan. Da aka tambaye shi ya nuna akwai irinsa da yawa a gida, 'yan Koriya da Japan suka fara tattaki zuwa Pakistan don atisaye. Wannan ba netwok ba ne, hannu ne da kai.

Koci: Wannan labarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Gwani ne, na yarda. Gasa ce, na yarda. Amma in ya zo filina neman gurbi sai ya zaga tukuna.

Barista: Shi ma Tekken 7 ya ci a 2019. A Janairun 2024 kamfanin Bandai Namco ya fito da na 8, dole ya koma ya sake koyo.

Abba Fad: Ya koya kuwa, ya sake cin EVO a na 8 ɗin a 2024.

Ɗan Maraɗi: Mai Gidan Gem, kana da Tekken ɗin nan a shago ko ƙwallo kaɗai ake bugawa?

Mai Gidan Gem: Ina da na 7, ƙura ce ke cinsa. Kowa Madrid yake so ya ɗauka. Abba, in da gaske kake ka zo da mutum takwas ranar Asabar, in ware muku talabijin ɗaya, amma man janareto a kanku yake, kuma duk wanda na kama ya ɗora kuɗi waje zai yi.